MU NE BAITALAMI: WA'AZI DOMIN IDIN IYALI MAI TSARKI



A wannan lokaci na Kirsimeti garuruwanmu sukan cika da 'ya'yanmu da suka dawo daga nesa. Waɗansu hutu ne ya kawo su, waɗansu kuwa sun tattara ya-nasu-ya-nasu sun dawo ke nan. Cikin masu dawowar akwai waɗanda suka tafi neman ilimi ko neman abinci su kaɗai, amma suka komo tare da mata ko miji daga wata ƙasa, wanda bai ji harshenmu ba, bai saba da tuwonmu ba, ba shi kuma da kowa a nan sai wanda ya kawo shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Tun shekarun 1960 da 1970 samarinmu da suka je karatu Ingila, da Tarayyar Sobiyat ta wancan zamani, da sauran ƙasashen Gabashin Turai suka riƙa dawowa da matan aure daga can, har irin waɗannan mata suka kafa ƙungiyarsu ta taimakon juna mai suna Nigerwives a Legas a shekarar 1979. A yau surukanmu suna fitowa daga Kamaru da Gana, daga Indiya da Filifin, daga Amurka da sauran wurare. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, mu firistoci mun sha ganin auren da ya yi shekaru cikin lafiya a ƙasar waje, amma da ya iso gida bai kai damina biyu ba ya watse. Idan kuwa aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar da hannun dangi a ciki.

Mu tuna da labarin Rut, wanda ke cikin ɗan littafin nan mai sura huɗu. Yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi da 'ya'yansu maza biyu daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. A can Elimelek ya rasu, 'ya'yan suka auri matan ƙasar, wato Orfa da Rut, bayan kamar shekara goma su ma suka rasu. Da Na'omi ta tashi komawa gida, Orfa ta koma wurin danginta, Rut kuwa ta ƙi rabuwa da uwar mijinta, ta zaɓi mutanenta da Allahnta. Mukan yabi wannan alkawari a wuraren ɗaurin aure, kuma ya cancanci yabo. Amma ba kasafai mukan tambayi yadda Baitalami ta karɓe ta ba, alhali a cikin wannan labari matsayin Baitalami shi ne namu.

Da farko tarbar ba ta yi armashi ba. Gari ya ɗauka da labarin dawowar Na'omi, amma littafin bai nuna mana ko mutum ɗaya da ya yi wa Rut sannu da zuwa ba. Na'omi kanta, saboda baƙin ciki, ta ce ta dawo ba ta da kome, ga kuwa Rut tsaye kusa da ita. Ban da haka, Littafin Maimaitawar Shari'a sura 23 ya hana mutanen Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji, don haka duk mai son ya wulakanta ta yana da hujjar da zai fake da ita.

Sai Allah ya ta da Bo'aza, dangin mijin Na'omi. Ku lura da abin da ya yi sa'ad da ya tarar da baƙuwar tana kala a gonarsa lokacin girbin sha'ir. Ya tambayi ko wace ce ita, ya yi mata magana da kansa. Ya ce ta tsaya a gonarsa tare da 'yan matansa, ya ja kunnen samarinsa kada su taɓa ta, ya ba ta izinin shan ruwa daga tulunan ma'aikata, ya kira ta cin abinci tare da masu girbi, ya kuma umarce su su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna bar mata, domin ta samu ba tare da ta yi roƙo ba. Daga baya ya tsaya a ƙofar gari a gaban dattawa goma ya daidaita maganar gado da ta aure a fili. Ƙarshen labarin kuwa, matan garin nan da kansu suka shaida wa Na'omi cewa surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Rut ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, kuma Matiyu Mai Tsarki ya rubuta sunan wannan baƙuwa cikin asalin Ubangijinmu Yesu Kristi. Da Baitalami ta kore ta, da kakar sarkinta ta kora.

Wani zai ce, ai Ezra da Nehemiya sun tsawata wa waɗanda suka auri baƙi, kuma matan ƙasashen waje ne suka karkatar da zuciyar Sulemanu. Gaskiya ne, amma abin da ake gudu a can shi ne bautar gumaka da barin Allah na gaskiya. Launin fata da harshe ba su ne damuwar ba. Musa kansa ya auri Ziffora 'yar Madayana, ya kama hanyar Masar tare da ita da 'ya'yansu. A Littafin Ƙidaya sura 12 kuma, da 'yan'uwansa Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan matarsa mutuniyar Kush, fushin Ubangiji a kansu ya sauka, har Maryamu ta kamu da kuturta, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai. Masu gulmar suruka su yi tunani a kan wannan.

Ikilisiya ma tambayarta a kan bangaskiya da yarda take. Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983, doka ta 1057, ya koyar cewa yardar miji da mata, wadda suka bayyana bisa ƙa'ida, ita ce ke ƙulla aure. Idan ɗaya Katolika ne, ɗayan kuwa Kirista ne na wata ɗariƙa ko bai yi baftisma ba, ana neman izinin Bishop, Katolikan kuma ya yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakar ƙoƙarinsa domin 'ya'ya su sami baftisma da tarbiyyar Katolika, a kuma sanar da abokin aurensa wannan alkawari. Saboda haka auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a gaban bagade a wata ƙasa cikakken aure ne a nan. Kyakkyawan abu ne a zo a gaida iyaye, a yi abin al'ada domin girmama su, amma rashin biyan dukiyar aure a ƙauye ba ya warware abin da Allah ya ƙulla. Wanda kuma Katolika ne amma a ofishin gwamnati kaɗai ya yi aurensa, ya je wurin Fada domin a daidaita shi.

A nan dole mu faɗi magana mai ɗaci. Akwai iyayen da ke cewa, waccan matar Turai ce, bari mu nema masa matar gida. Wannan zunubi ne, kuma masu shirya shi suna da rabo a cikin alhakinsa. Ɗan da ya yarda ya shiga zina, ya raba kansa da Jibin Ubangiji. Yarinyar da aka kawo kuwa an cuce ta, domin an ba ta mijin da ba zai taɓa zama nata a gaban Allah ba. Dokar aure ta ƙasa ma ta hana wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashinta ya ɗora auren al'ada a kai.

Kai da ka kawo baƙuwa gida, ka sani Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kai ne kuwa ɗan jagoranta. Ka faɗa mata gaskiya tun kafin ku taso: yawan dangin da ke dogara gare ka, halin wuta da ruwa, da irin ɗakin da za ku sauka. Ka tanadi takardun baftisma da na aure, da izinin zamanta daga Hukumar Shige da Fice, da katin rigakafin shawara, da gidan sauro, gama jikin da bai saba da zazzaɓin cizon sauro ba yakan sha wuya ƙwarai. Kada ka bar ta zaune kamar kurma kana hira da 'yan'uwanka, ka riƙa fassara mata. Idan saɓani ya taso tsakaninta da mahaifiyarka, ka girmama uwa, amma ka tuna Littafin Farawa ya koyar cewa kai da matarka jiki ɗaya ne. Ka bar mata hanyar jin muryar iyayenta da ziyartar su. Ka kuma rubuta wasiyya tun kana da lafiya, domin mun ga gwauraye baƙi da aka ƙwace wa mabuɗin gida tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Kada mu manta da 'ya'yanmu mata da suka dawo da mazaje baƙi, gama nasu nauyin ya fi. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 26, ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya wannan dama ba. Shi sai ya bi hanyar sashe na 27, wadda ke bukatar zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 an kaɗa ƙuri'a a Majalisar Tarayya kan gyara wannan, ƙudurin bai sami rinjayen da ake bukata ba. Sai dai sashe na 25 ya tabbatar cewa ɗan da uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Don haka kada kowa ya kira jikokinmu bare.

Mu kuma jama'ar Ikilisiya, ga namu aikin. Zumuntar Mata ta kai ziyara a makon farko, ta kuma sa mace ɗaya mai haƙuri ta riƙa raka baƙuwar kasuwa da asibiti. Katikis ya nemi wanda zai zauna kusa da ita a Misa yana nuna mata inda ake. Facaloli su koya mata gaisuwa da tuƙin tuwo ba da dariyar ƙeta ba, su ma su ɗanɗana girkin ƙasarta. Mu kira ta da sunanta, mu bar cewa Baturiyar wane bayan ta shekara goma a cikinmu. Idan tana da sana'a ko baiwa, a ba ta aiki a Ikilisiya, gama wanda aka ba aiki a gida ya zama ɗan gida.

Ku kuma surukanmu da kuka baro ƙasashenku saboda ƙauna, muna roƙonku ku yi haƙuri da mu. Ku koyi harshenmu ko da kaɗan-kaɗan ne, ku gaida tsofaffi, ku tambayi dalilin al'ada kafin ku yanke mata hukunci. In abu ya yi muku nauyi, ƙofar Fada a buɗe take.

Yesu da Maryamu da Yusufu sun ɗanɗani baƙunci a Masar, sun kuma san wahalar komowa, gama da Yusufu ya ji Arkilawus ne ke mulkin Yahudiya, sai ya kai iyalinsa Nazarat suka sake sabon zama. Bari Iyali Mai Tsarki su yi roƙo domin gidajenmu, Allah kuma ya ba mu zuciya irin ta Bo'aza, domin duk wanda ya shigo cikinmu ta ƙofar aure ya sami uwa da uba da 'yan'uwa. Amin.