Haƙƙin Iyaye Ba Ya Tsayawa a Kan Iyaka



Bayan Misar wata Lahadi, wani matashin malamin makaranta da maiɗakinsa suka same mu da neman shawara. An ba shi aikin koyarwa a Maraɗi, a wata makarantar kuɗi mai karantarwa da Turanci da Faransanci. Da sefa za a biya shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, albashin ya fi wanda yake karɓa nesa ba kusa ba. Suna da yara biyu. Amma mahaifiyarsa gwauruwa ce, ƙarfinta ya ƙare, shi ne kuwa babban ɗanta, kuma shi kaɗai ke koyar da lissafi a makarantar da zai bari. Ya ce, "Fada, in mun tafi, mun yi zunubi?"

Tafiya neman halali ba zunubi ba ce. Yusufu Mai Tsarki ya kwashi Maryamu da Yaro Yesu zuwa Masar domin ya tsare iyalin da Allah ya danƙa masa. A wasiƙarsa kan aiki ta 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa mutum yana da 'yancin barin ƙasarsa don neman rayuwa mafi kyau, da 'yancin komowa. Amma bai ɓoye cewa ƙasar da aka bari ta yi hasarar ɗanta ba. Dole a riƙe duka biyun.

Saurayin ya ce ai Maraɗi gida ce. Yana da gaskiya. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, can sarakunan Katsina na dā suka koma, kuma yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 ne suka raba dangi gida biyu. Daga Katsina, ta Jibiya da Ɗan Isa, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Saboda haka ya yi alkawarin zuwa gaida tsohuwa kowane ƙarshen mako.

A nan ne muka ja hankalinsa. An rufe iyakar Jibiya a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. A waɗannan lokatai, mai son ganin mahaifiyarsa sai dai ya bi hanyar daji a kan babur, a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Alkawarin da ya rataya a kan shingen kwastan, wani ne ke riƙe da mabuɗinsa.

Doka ta huɗu ba ta san shinge ba. Ubangiji ya tsauta wa waɗanda suka keɓe dukiyarsu da sunan baiko ga Allah don su kuɓuce wa kula da iyayensu. In sunan Allah bai zama hujja ba, ina ga albashi? Aika kuɗi yana da kyau, amma kuɗi ba ya ɗaga tsohuwa in ta faɗi da dare. Zumunta a ƙafa take.

Don haka muka ba su shawara su warware abu huɗu kafin su ɗaure kaya. A zauna da ƙannensa, a san wanda zai kwana kusa da mahaifiya ko da an rufe iyaka. A ji ra'ayin maiɗakinsa da gaske, gama aure tarayya ne, ita ce kuma za ta fi ɗanɗana baƙunci. Kada ya bar ɗalibansa a tsakiyar zango. Ya ba hukumar makaranta lokacin neman wani. In sun isa, su gabatar da kansu ga Ikkilisiyar Maraɗi, wadda ta zama dayosis a 2001, don kada yaran su tashi ba katekisim.

Mu da muka rage ma akwai haƙƙi a kanmu. Wa zai leƙa gidan gwauruwar nan? Wannan aikin Zumuntar Mata ne, da katekis, da kowane maƙwabci.

Ba mu ce musu su tafi ko su zauna ba, domin wannan tsakanin lamirinsu ne da Allah. Iyali Mai Tsarki su raka masu tafiya, su kuma tsare waɗanda aka bari. Amin.