Ta'aziyya ga Iyalin Baba a Damargu

Mama, sannunku da haƙuri. Ina gaishe ki da yara da jikoki, da dukan 'yan'uwa na Tanut da Belbeji, cikin sunan Yesu Almasihu. Rashin Baba namu ne duka. Allah na ta'aziyya ya sanyaya zukatanku.

Masu zuwa gaisuwa za su yi ta ce miki ki daina kuka, da kyakkyawar niyya kuwa suke faɗi. Amma kada ki ɗauka hawaye ƙarancin bangaskiya ne. A Betanya, Li'azaru ya kwana 4 a kabari, Yesu kuma ya san zai tashe shi a ranar, duk da haka sai da ya zubar da hawaye tare da Maryamu da masu makoki. Na'omi ma, wadda yunwa ta kora zuwa Mowab, can ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu. Da ta komo Baitalami, ba ta ɓoye wa matan gari ɗacin ranta ba. Allah bai yashe ta ba: ya bar mata Rut, ya sa ta goyi Obida, kakan Sarki Dauda.

Damargu ƙasa ce da ta san wadata, ta kuma san babu. A da, ayarin Abzinawa nan suke ɗorar gero su kai Agadas. Nan ne kuma farin 1984 ya ƙarar da dabbobi, ya watsa magidanta zuwa Damagaram da Kano. Fara ta sauka a 2004, yunwa ta biyo baya a 2005. Baba ya ga wannan duka, bai bar gari ba. Da aka damƙa masa mabuɗin bankin cimaka, tiya ɗaya ya riƙa auna wa kowa da ita: Bahaushe, Ba'abzine, Bafillace, Babarbare. Bai taɓa tambayar mai buhu inda yake sujada ba. Aikin Yusufu ya yi, wanda ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru 7 na ƙoshi, ya ciyar da Masarawa da baƙi a shekaru 7 na yunwa.

Ko a watan Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram, tsoro ya shiga gidajen masu bi, Baba bai rufe ƙofarsa ba. Ya ci gaba da zuwa suna da jana'izar maƙwabta, da aikin gayya, da yasar rijiya, yana biyan harajinsa. Yakan tuna mana da wasiƙar Annabi Irmiya, sura 29, inda aka umarci bayin Allah a Babila su gina gidaje, su yi shuka, su yi wa garin da suke ciki addu'a, domin zaman lafiyarsu na ɗaure da na garin. Shi ya sa Musulmi suka cika tabarmar makokinsa. Ba kara kawai suka yi muku ba, nasu ne ya tafi.

Mama, kin fi ni sanin shukar binne. Manomin Damargu kan zuba irinsa a busasshen rairayi tun ba a ga hadari ba, ya koma gida da ƙwarya wayam, amma ba ya cewa ya yi asara. Da misalin iri Manzo Bulus ya bayyana tashin matattu a 1 Korintiyawa, sura 15. Ruwan damina kan makara, wata shekara ma ya ƙi zuwa. Alkawarin Almasihu kuwa ba ya tashi, gama shi da kansa ya riga ya fito daga kabari. Baba ya yi barci cikin Ubangiji, za mu sāke ganinsa.

Kafin ranar nan, akwai aiki a gabanmu. Ku yara, ku riƙe Mama da kyau. Kada gona ko garke ya raba kanku. In akwai bashi a kan Baba ku biya, in akwai amanar jama'a a hannunsa ku mayar da ita cif. Ku 'yan ikkilisiya, wasiƙar Yakubu ta sa kula da gwauraye da marayu cikin ainihin ibada. Kada zumuncinmu ya ƙare ranar da aka naɗe tabarmi. Matasa su nome gonar Mama bana, zumuntar mata su riƙa leƙa ta, a kuma sami mai gaskiya ya karɓi mabuɗin da Baba ya ajiye.

Allah ya ta'azantar da ke, Mama. Ya raya abin da Baba ya bari, ya haɗa kan 'ya'yansa, ya ba Damargu damina mai albarka da zaman lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata a gare ku duka. Amin.