Kifin wa ne? Tunani a kan gasar su ta Argungu

Tsakanin Fabrairu da Maris, in sanyi ya ja baya ruwa ya fara janyewa, garin Argungu na jihar Kebbi kan cika maƙil. Kwana huɗu ake yi ana biki: tseren jiragen ruwa, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, kokowa da dambe, baje kolin amfanin gona. Amma abin da ya tara jama'a shi ne rana ta ƙarshe, sa'ad da dubban masunta ke jeruwa nesa kaɗan da gulbin Matan Fada, kowa da homarsa da goransa, suna jiran ƙarar bindiga. Da ta tashi sai a ruga a faɗa ruwa. Bayan kamar awa guda a fito, a aza manyan kifaye bisa sikeli, wanda nasa ya fi nauyi shi ne gwani. Wurin ba baƙo ba ne gare mu. Daga Gaya ko Dogondutsi tafiyar ba ta da nisa, kuma masuntan Nijar na shiga gasar kamar kowa.

A 2020 giwan ruwa mai kilo 78 ne ya zo na ɗaya. Wanda ya kama shi ya samu naira miliyan 10, da motoci, da kujerun Makka. Sauran dubbai sunka fito da caɓo har wuya, wasu da ƴan ƙananan kifaye, wasu hannu wofi. Tambayata biyu ce. Shin wanga mutum ya cancanci abin da ya samu? Su kuma sauran, wahalar banza sunka sha? Kar ku ɗauka hirar masunta ce kawai. Kowane ɗayanmu ya taɓa tsayuwa bakin irin wanga gulbi, ko zai tsaya: ranar bak, ranar konkur na shiga aikin gwamnati, inda dubbai ke ajiye takardu a kan ƴan guraben da ba su taka kara sun karya ba.

Amsa ta farko da ke zuwa baki ita ce: gwaninta ce, ya ci guminsa. Akwai gaskiya a ciki. Ba kowa ne zai riƙe numfashi ya nutse cikin ruwa mai duhun laka, ya laluɓa ƙasa, ya ji kifin da ya kai nauyin babban mutum, ya danne shi cikin homa ba tare da ya kuɓuce ko ya ji masa rauni ba. Da ni ko kai aka jefa a wurin, ko kifin ya zo ya gaishe mu ba mu iya fitar da shi. Iya ruwa fid da kai. Sai dai cikin dubban nan akwai ɗaruruwa da sunka iya abin da ya iya, wasu ma sun fi shi. Babban kifin guda ne ko biyu, kuma bai yi shawara da kowa ba kafin ya zaɓi inda zai kwanta. Taku goma zuwa dama, da wani ne ya taka shi. To, ta yaya za a ce gwaninta ce ta raba shi da su?

Nan sai amsa ta biyu ta shigo, wadda anka fi ji a fadar shan shayi: rabo ne, malam, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wannan ma gaskiya ce, amma tana da haɗari in anka tsaya gare ta. In rabo ne kaɗai, mi ya raba gasar da caca? Mi ya sa mutum zai ɓata shekaru yana koyon nutso? Kuma mun san yadda ake amfani da kalmar rabo a wurinmu: wanda ya sayi amsar jarrabawa shi ma cewa yake rabonsa ne ya tsaga.

Turawan Ingila da Ailan, da su ma ke da nasu gasar kamun kifi a koguna da tabkuna, sun gwada rage hannun sa'a da lissafi. Sukan yi gasar kwana da kwanaki. Kowace safiya a jefa ƙuri'a a raba wa kowa mazauni a bakin ruwa, ya zauna nan da ƙugiyarsa awa biyar ko makamancin haka. Da yamma a auna duk abin da ya kama, a ba shi maki gwargwadon matsayinsa cikin maƙwabtansa, a maida kifin ruwa da ransa. A ƙarshen mako a haɗa makin. Wanda ya faɗa mugun wuri yau yana iya faɗawa mai kyau gobe, don haka a kwana biyar gwani kan taso sama. Tsari ne mai kyau, kuma duk ɗalibin da zazzaɓi ya kama ranar jarrabawa ya san bambancin a auna ka rana ɗaya da a auna ka shekara guda. Amma ko su ba su kori sa'a ba, ƙuri'a ce dai ke buɗe kowace rana. Sun rarraba ta ne kawai. Saboda haka neman gasar da ba sa'a a cikinta neman abin da babu ne. Dole mu nemi cancantar a wani wuri.

Ni inda na gan ta shi ne a cikin nauyin kifin kansa. Giwan ruwa ba ya kai kilo 70 a damina ɗaya, shekaru yake yi yana girma. A 2005 kifin da ya ci gasar kilo 75 ne, sai da mutum huɗu sunka kama kafin a aza shi bisa sikeli. Ina irin wanga kifi ke samun wurin zama a ƙasar da kowa ke neman abin miya? Yana samu ne don an hana su a Matan Fada sauran watannin shekara, Sarkin Ruwa na kula da wurin, kuma mutane na bin hanin. Ko da ambaliyar damina ce ta kawo kifin daga wani wuri, ya zauna ne don ba a dame shi ba. Ka duba masuncin da gidansa ke kusa da gulbin. Ya san ramukan da manya ke kwanciya. Akwai daren da gidansa ba a aza tukunya ba, ga homa rataye, ga duhu, ba mai ganinsa. Bai je ba. Haka maƙwabcinsa, haka ɗaruruwansu, wata da watanni. Kowane kilo da sikeli ya nuna ranar gasa, wanga haƙuri ne anka auna.

Haka abin yake ko a safiyar gasar. Dubban maza majiya ƙarfi na tsaye suna kallon ruwa, kowa ya san wanda ya riga shiga ya fi kusa da kifi, amma ana jiran bindiga. Ba dogarawan da za su iya tare wannan taro in ya ƙi. Su ke tare kansu. Ashe kenan waɗanda muke kira masu faɗuwa su ne sunka gina nasarar. Da ba su bi doka ba, da kifin bai girma ba, da gasar ba ta yiwu ba, da kyautar ba ta da wata daraja.

Tarihin bikin ma abin da yake faɗi kenan. Kabawa, jikokin Kanta, sun yi kusan ƙarni guda suna yaƙi da daular Sakkwato, kuma Arawa da Zabarmawa na wannan gefen sun kama musu a tsakiyar ƙarni na 19. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, anka shirya babban su don karrama shi. Daga nan bikin ya samo siffar da anka san shi da ita, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Biki ne da anka kafa bisa mutanen da sunka yarda su maida takobi kube. Riƙe hannu shi ne asalinsa, tun kafin a kawo sikeli.

In an gane haka, za a gane girman abin da ya faru a 2008. A waccan shekara an ba wani mutum lambar farko da kifi mai fiye da kilo 60. Sauran masunta sunka yi ƙorafi, anka bincika, anka gano kifin ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri anka kawo shi anka shigar da shi ruwa. Anka karɓe kyautar, anka kama shi. Wani zai ce wanda ya zo na biyu kaɗai ya cuta. A'a. Ya cuci masuncin nan da ya kwana da yunwa bai taɓa gulbi ba, ya maida haƙurinsa wauta. Mai maguɗi yana buƙatar kowa ya bi doka ban da shi, don in kowa ya zo da mushen kifinsa a buhu ba sauran abin da zai sata. A Suratul A'araf an ba mu labarin mutanen wani gari na bakin teku da anka hana su kamun kifi ranar Asabar, kifin kuma ya riƙa bayyana gare su a ranar da anka hana. Jarrabawar ba ta iya su ba ce, ta iya jira ce. Lura kuma da waɗanda sunka tona asirin a Argungu: masunta ne ƴan uwansa, masu idon da ke gane mushe. Doka tana da rai ne in waɗanda ke ƙarƙashinta sun ɗauke ta tasu.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: kai malam, daɗin baki ne wannan. Wanda ya yi haƙuri ya koma gida da jiƙaƙƙen wando, wancan ya koma da mota. In nasarar ta kowa ce, a raba motar mana. Ban ce a raba ba, don gasar da ba ta da gwani ba mai zuwa. Amma ƙorafin yana nuna inda iyaka take. Duk sa'ad da kyauta ta yi girman da za ta sauya rayuwar mutum ɗaya baki ɗaya, sauran kuma ba su da komi sai kallo, an ɗora wa amanar talaka kayan da sunka fi ƙarfinta. Ba mamaki mushen kifi ya bayyana bayan da kyauta ta koma mota da kujerar Makka. Masu shirya gasa da ke son a ci gaba da jiran bindiga, wajibi ne su sa jiran ya zama yana da riba ko ga wanda bai ci ba. A Argungu akwai ɗan abin da ya rage na wannan: ranar da anka buɗe ruwa, kifin da anka tara shekara guda na duk wanda ya shiga ne ya gwada hannunsa, garin kuma na cin kasuwa. A konkur namu fa, mi wanda ya faɗi ke komawa da shi, ban da kuɗin takardu da tambur da ya kashe?

Duk da haka ban yarda wannan ya zama hujjar maguɗi ba. Mu da ke ƙetare gadar Kennedy kullum zuwa Jami'ar Abdu Mumuni muna ganin abin da ke faruwa da ruwan da ba shi da ranar hutu. Yashi na cike gulbin Isa, a watan Yuni na 1985 ma ya daina gudu a nan Yamai, kuma Sarkawa na kukan kifi ya yi ƙaranci. Fari da yashi ba laifin masunci ba ne. Amma wanda ya jefa koma mai ƙananan idanu ya kwashe har ƴaƴan kifi, hujjarsa ɗaya ce: in ban kwashe ba wani zai kwashe. Hujjar ɗalibin da ya shiga aji da amsa a waya ita ce wannan, ba ƙari ba ragi. Kowane ɗaya yana da gaskiya a kan kansa, a tare kuma sun ƙarar da abin da suke nema. Takardar shaidar karatu tana da daraja ne don akwai waɗanda sunka faɗi da gaskiya. Ranar da ma'aikaci ya daina yarda da ita, wanda ya saya da wanda ya kwana bisa littafi duk takarda ɗaya ke hannunsu.

To, wanda ya kama kilo 78 ya cancanta? E, ya cancanta, amma ba don ya fi kowa ba. Ya cancanta don ya shirya jikinsa, ya tsaya a layi, ya jira bindiga kamar kowa, sannan rabo ya same shi a inda ya halatta ya same shi. Iyakar abin da mutum ke iya cewa nasa ne kenan. Sauran bashi ne a kansa, na mutanen da ba a kira sunansu a lasifika ba. Biyan bashin shi ne kar ya raina su, kuma baɗi ya zama cikin masu tsaron ruwa. Wanda ya ci konkur ya zauna a biro, mutanen da za su zo gabansa da takardunsu yawancinsu waɗanda sunka tsaya layi ɗaya da shi ne, ko iyayensu. In ya ce su ba da goro kafin ya sa hannu, ya manta wa ya ciyar da kifinsa.

Su kuma dubban da sunka fito hannu wofi ba wahalar banza sunka sha ba, ko da yake zafin faɗuwa zafi ne, ba na rage shi. Saboda su ne akwai gulbin da za a koma baɗi, da kifi a ciki, da sikelin da mutane sunka yarda da shi. Bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020, kuma da anka kira, dubbai sunka sake zuwa sunka yi layi. Ƴan uwa ɗalibai, jarrabawa na tafe, kuma za a samu mai raɗa maka cewa yana da mushen kifi na sayarwa. Kafin ka tambayi nawa ne, ka waiwaya ka dubi wanda ke zaune bayanka a aji, shi ne za ka sace wa.