Na'ura Ba Ta Da Isnadi

Yanzu an shiga wani yayi: mutum ya samu matsala a saki ko rabon gado, maimakon ya nufi malami, sai ya tambayi ChatGPT, ya kwafo amsar ya watsa a WhatsApp.

Mu san wa muke tambaya. Wannan manhaja da kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022 ba ta taɓa durƙusawa gaban malami ba. Rubuce-rubucen intanet aka ɗura mata, sahihi da gurɓatacce, tana hasashen kalmar da za ta biyo baya. Shi ya sa take iya ƙaga hadisi ta jingina wa Bukhari, har da lamba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yi ba.

To idan lauyoyi sun ruɗu, ina ga ni da kai? Magabata ba sa karɓar hadisi sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya gaskiyarsa da haddarsa. Na'ura ba ta da isnadi, kuma ba ita za a tsayar ranar hisabi ba. Kai da ka yaɗa za a tambaya.

Ba haramta ta muke yi ba. Amma duk hadisin da ta ba ka, buɗe littafi ka duba. Fatawar aure da gado kuwa, sai gaban malami. Allah Ya tsare mana addininmu.