Itacen Gidan Haya Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya fitar da zaƙi daga icce, Ya yanka wa kowane ɗan itace lokacin nunarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka sani cewa da yawa daga cikin masu aikin albashi baƙi ne a garuruwan da suke zaune. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da malamin gona, kowa ana tura shi ƙaramin gari, ya kama hayar gida, ya yi 'yan shekaru ya tashi. Gidajen irin waɗannan garuruwa kuwa da wuya ka shiga ɗaya ba ka tarar da itace a tsakar gida ba: mangwaro ko gwaiba ko lemun tsami, wani lokaci da tsamiya a ƙofar gida. A kan wannan itace nake so mu yi nazari, domin akwai hukunci a kansa, akwai kuma ni'imar da ake tozartawa.

Shekarar da aikin koyarwa ya kai ni wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina, na kama gida mai ɗaki biyu da rijiya da wani tsohon mangwaro. Ranar da za mu ƙulla ciniki na ce wa mai gidan, "Baba, 'ya'yan mangwaron nan fa, na wa ne?" Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, mahaifina ne ya dasa shi. Ku ci, ku ba maƙwabta, amma kada ku bari ya ruɓe a ƙasa." Sharaɗin ke nan, muka tafa a kansa.

Tambayar nan tana da tushe a littattafan fiƙihu. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya yi hayar gida, amfanin zama ya saya; 'ya'yan itacen da ke ciki na mai gida ne, sai in an yi sharaɗi. Sharaɗin ma yana da iyaka, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Umar. Saboda haka malamai suka yi rangwame kawai idan ƙimar 'ya'yan ba ta wuce sulusin jimillar abin da aka ƙulla a kai ba, kuma za su nuna a cikin wa'adin hayar. Misali, in zaman gidan ya kai naira 60,000, 'ya'yan itacen kuma 30,000 ko ƙasa da haka, sun zama mabiya, sharaɗin ya inganta. Hikimar a fili take: kada mai gida ya riƙa shige da fice a kan iyalin ɗan haya da sunan tsinkar kayansa. In kuwa mai gida ya ce ya ba ka kyauta, kamar yadda dattijon nan ya yi, to ka sami halal tsantsa, sai godiya da kiyaye amana.

Kiyaye amanar yana farawa ne daga itacen kansa. Akwai ɗan hayar da ke cewa ai ba nawa ba ne, sai ya ɗaure akuya a gindinsa, ya sassare rassansa don girki, ya hana shi ko ruwan alwala. Ya manta da hadisin Anas wanda ke nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Wanda ya dasa yana kabari, ladansa yana gudana; kai da ka shayar da itacen kana taya shi, kuma Allah ba Ya tozartar da ladan mai kyautatawa.

Sai batun tanadi. Da bazara ta kama, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, mangwaron nan ya zubo kamar ba zai ƙare ba. Mun ci, mun aika gidajen maƙwabta, almajirai sun ɗiba, amma kullum da safe tsakar gida cike take. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta ce wa maiɗakina, "'Yata, ki yi masa abin da ake yi wa tumatir mana." Ta zauna a kan tabarma ta nuna mata. A zaɓi wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, a wanke, a fere, a yanka siri-siri. A jera a faifai ba tare da wani ya hau wani ba, a ɗora a bisa inda ƙura da kaji ba za su kai ba, a lulluɓe da mayafi marar kauri saboda ƙuda. Da yamma a shigar da shi ɗaka, da hantsi a sake fitarwa. Cikin 'yan kwanaki sai ya yi kamar ƙirgi mai laushi, a zuba a busasshiyar kwalba a toshe. Sirrin abin shi ne ruwa: fiye da kashi 80 cikin 100 na naman mangwaro ruwa ne, shi ne kuma gidan fumfuna da ruɓa. Da rana ta tsotse shi sai zaƙin ya tattaru, ajiyar ta daɗe. Mun kai tsakiyar damina yara suna tauna wannan shanya.

Wannan ilimi tsoho ne a ƙasarmu. Iyayenmu mata sun san kauɗar tumatir da hunturu, sun san curin tsamiya da ake ajiyewa don kunun azumi, sun san maɗin ɗinya da garin ɗorawa da busasshiyar magarya. Abin da ba a son shanyawa kuma, Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa masa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu mai sanyaya ta ciki, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk ɗan haya yana iya wannan ko da garin babu lantarki.

Kada wani ya ce ajiya rashin tawakkali ce. A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf ya shawarci mutanen Masar su bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa don shekarun fari. Buhari ya ruwaito daga Umar cewa Manzon Allah yana ware wa iyalinsa abincin shekara guda. A Suratul An'am kuma, ayar da ta halatta cin 'ya'yan itace idan sun yi, ita ce ta umarci a ba da haƙƙinsu ranar girbi, ta kuma hana ɓarna. Hausawa suka ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ranar da zan bar garin na kai wa dattijon nan kwalba guda ta shanyar mangwaron mahaifinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana sa mana albarka.

Don haka ya kai ɗan haya, ka tambayi mai gida kafin ka tsinka, ka shayar da itacen da ka tarar, ka ba maƙwabci rabonsa, ka shanya abin da ya saura. In da hali ka nemi izini ka dasa wani kafin ka tashi. Allah Ya sa mu cikin bayinSa masu godiya, Ya yi mana albarka a cikin abin da Ya azurta mu da shi. Amin.