AMANAR ƘANANAN YARA, DAGA YAYE HAR ZUWA MAKARANTA

Sabon mai-bi ya kan tambaya, shin wane aiki ne Allah ya ke so in fara da shi? Sai hankalinsa ya tafi ga barin giya da tsafi da ƙarya, wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wani aiki da ke zaune a tsakar gidanka yana wasa da ƙasa, watau yaron nan da aka yaye, wanda bai isa makaranta ba tukuna. Amana ne a hannunka, Mai-amana kuwa za ya tambaye ka yadda ka riƙe ta.

Ku mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam manoma ne, kun san lokatai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekara ta 1974, ruwa ya ke biyo magudanai har gonakinku, ana noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Babu manomi a cikinku da ba ya san ranar da ya yafa iri ba, da ranar dashe, da lokacin da shinkafa ke yin ciki. Ya sani idan ruwa ya yanke mata a wannan lokaci, ko an cika gona da ruwa daga baya, abin da aka rasa ya riga ya tafi. To, ashe daidai ne mutum ya san kwanakin shinkafarsa, bai san watan da ɗansa ya fara magana ba? Masana sun auna, sun iske ƙwaƙwalwar yaro ta kan kai wajen kashi 9 cikin 10 na girmanta tun yana shekara 5 ko 6. Waɗannan shekaru su ne lokacin da ruwa bai kamata ya yanke ba.

UBANGIJINMU DA KANSA YA BI WANNAN HANYA

Ɗan Allah bai sauko duniya yana babban mutum ba. An goya shi, an yaye shi, ya yi rarrafe, ya koyi magana a bakin Maryamu. Luka, wanda likita ne, ya ba da labari a sura ta 2 ta Bishararsa cewa girman Yesu ya kasance ta fuska huɗu: jiki, da hankali, da zama da mutane, da zama da Allah. Tun da Mai-ceto bai raina ƙuruciya ba, kada wani ya ce lura da yaro aikin banza ne, ko kuwa aikin mata kaɗai. Ku tuna da Hannatu kuma. Bayan ta yaye Sama'ila ta kai shi ɗakin Ubangiji, kowace shekara ta kan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ba ta iya ɗinka rigar da za ta yi masa daidai ba sai tana riƙe da girmansa a zuciyarta. Irin wannan lura mu ke roƙo gare ku.

ALAMUN DA ZA KU DUBA

Yara ba su tafiya da sauri ɗaya. A shekara ta 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana abin da ta gani ga yara masu-lafiya a Gana, da Indiya, da Norwe, da Oman, da Amurka. Waɗansu sun taka da ƙafarsu tun suna wata 8, waɗansu sai kusa da wata 18, dukansu kuwa lafiya lau. Domin haka kada ke uwa ki tayar da hankalinki don ɗan kishiya ko na maƙwabciya ya riga naki da wata biyu. Amma akwai iyaka, ga kuma abin da yawancin yara su kan iya.

Yaro mai-shekara 2 ya kan yi gudu, ya shuri ƙwallo, ya haɗa kalma biyu, kamar ya ce, ba ni, ko kuwa, Baba zo. Idan an ce ya nuna hancinsa ko akuya, sai ya nuna.

Mai-shekara 3 ya kan faɗi sunansa, ya dame ku da tambaya, wane ne wannan, ina Inna, don me. Baƙo ya kan gane yawancin maganarsa. Ya kan zana da'ira a ƙasa idan an gwada masa, ya sa riga mai-sauƙi da kansa, ya nemi sauran yara don wasa.

Mai-shekara 4 ya kan yi magana mai-kalma huɗu ko fiye, ya faɗi abin da ya faru yau, ya san ja da fari da baƙi. Idan kina tatsuniyar da ya saba ji kika tsallake wani wuri, sai ya gyara miki. Yarinya ta kan goya 'yar tsana, ta yi tuwon ƙasa. Idan ɗan'uwansa yana kuka ya kan je ya lallashe shi.

Mai-shekara 5 ya kan ƙirga har 10, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar masu-langa, ya jira layinsa a wasa, ya ba da labari mai-kai da gindi, ya yi ƙaramin aike kamar kai ƙwarya ɗaki.

Ku lura da wannan da kyau: idan yaro ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko a kira shi daga baya ba ya waiwayo, ko ba ya duban idon mutane, kada a jira. Mafi muhimmanci duka, idan ya rasa abin da ya riga ya iya, watau yana magana dā ya daina, ko yana tafiya dā ya koma zama, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

ƁARAYIN GIRMA A ƘASAR RUWA

Ruwan da ya kawo muku albarka ya zo da waɗansu baƙi. Na fari sauro. A ƙasar tudu sauro ya kan ragu da rani, amma inda ruwa ke kwance cikin gonar shinkafa ba ya rasa wurin haihuwa. Zazzaɓi a kai a kai ya kan shanye jinin yaro, wanda ya hau kai kuwa har ya kawo jijjiga ya kan iya barin lahani ga ji, ko magana, ko hankali. Ku kwantar da yara cikin gidan sauro kowane dare. Tun shekara ta 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya wata wata da damina. Idan masu-rabo sun zo ƙofarku ku karɓa, ku cika kwanakin shan maganin.

Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan katantanwa da ke manne a gefen magudana, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai-wanka. Dā a kan ce fitsarin jini alamar balaga ce ga namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, tana rage jini, tana tauye girma. Yaron da uwa ta zaunar cikin ruwa a gefe tana wanki ya kan kamu da ita. Maganinta yana nan, a shekara ta 2022 kuwa Hukumar nan ta ce a wuraren da cutar ta yi yawa a riƙa ba da shi tun daga shekara 2. Ku sani kuma, babu waɗanda ruwa ya fi ci a duniya kamar yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Magudana mai-gefen siminti tana da santsi, yaro kuwa ba ya ihu sa'ad da ya ke nutsewa. Yarinya 'yar shekara 7 ba ta isa tsaron ƙanenta a bakin ruwa ba.

Na uku yunwar da ba a gani. Ciki ya kan cika da kunu da shinkafa tsura, jiki kuwa yana jin yunwa. Abin kunya ne mutum ya loda kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ɗansa yana fama da tamowa a gida. Ku sa gyaɗa ko waken soya cikin kunu, ku ba shi wake, da zogale, da kifi, da ɗan manja. Maganar da a ke yi cewa ƙwai ya kan koya wa yaro sata ba ta da tushe, ku ba shi. A zuba masa nasa a kwanonsa dabam, gama idan ya sa hannu tare da manyan yara ba ya samun rabonsa. Maganin feshi kuwa a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai, kada a zuba ruwan sha cikin galan ɗinsa ko an wanke. Ku cika allurar rigakafi, har da ta ƙyanda da a ke yi a wata 9, gama ƙyanda da sanƙarau sun kurmantar da yara da yawa a ƙasar nan.

IDAN YARO YA MAKARA

A nan ne za a gwada bangaskiyarku. Idan ɗanka bai yi magana ba, ko wuyansa bai tsaya ba, wani daga dangi za ya ce iskoki ne suka yi fushi don ka bar hanyar kakanni. Wata za ta ce ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Wataƙila kai ma zuciyarka za ta raɗa maka cewa alhakin zunubinka ne. Ku ji abin da ya faru a sura ta 9 ta Bisharar Yohanna. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san mai-laifin, shi ne ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da tambayar duka, ya nuna ba laifin kowa ba ne, ya kama aikin warkarwa. Hakanan za ku yi. Kada ku ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki, kada ku kashe kuɗin shinkafarku wurin boka. Ku yi addu'a, sa'an nan ku ɗauke shi zuwa asibitin Kura, idan an tura ku gaba ku tafi asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sau da yawa abin da a ke kira taurin kai rashin ji ne, yaron kuwa yana shan duka a kan abin da bai ji ba. Wanda ya tabbata kurma ma yana da hankalinsa cikakke, akwai makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki cikin Kano. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne, gama Allah ne ya ba likita sani. Yaron da ba za ya warke ba kuwa, har yanzu siffar Allah ce, wurinsa yana nan a gida da cikin ikilisiya.

ABINCIN HANKALI

Hankalin yaro ba ya cin tuwo, magana ya ke ci. A ƙasar Jamaika, cikin 1986 da 1987, aka ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Aka riƙa ziyartar gidajen waɗansunsu mako mako har shekara 2, ana koya wa iyaye mata su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20 aka neme su, aka iske waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun abin hannu fiye da sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Wannan magani ba a sayensa da kuɗi. Ke uwa, sa'ad da ki ke gumi ko tankaɗe, ki riƙa gaya masa sunan abin da ki ke yi, ki amsa tambayarsa ko ta goma ce. Kai uba, idan ka komo daga gona ka zaunar da shi a cinyarka, ku ƙirga albasa tare, ka ba shi labarin Nuhu da na Yusufu.

Mun san al'adar kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta kiran sunansa, uba kuma ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Kunya ado ce, ba mu zo mu raina ta ba. Amma idan ta hana yaro jin muryar iyayensa, sai ta ja da baya. Sa'ad da almajirai suka kori masu-kawo yara, Yesu ya ji haushi, ya rungume yaran a gaban taro duka. Abin da Ubangiji bai ji kunyarsa ba, kada bawansa ya ji.

Game da horo kuma, ku san abin da shekarun yaro su ke iya ɗauka. Ɗan shekara 2 da ya faɗi ƙasa yana birgima ba mugu ba ne, bakinsa ne bai isa faɗin damuwarsa ba. Ɗan shekara 3 da ya yi fitsarin kwance bai yi da gangan ba. Ɗan shekara 4 da ya ce ya ga kura a bayan rumbu ba maƙaryaci ba ne tukuna. Ku tsauta da kalma kaɗan, ku tsaya a kanta, amma kada ku zagi yaro, kada ku la'ance shi, kada ku tsoratar da shi da dodo. Daga fuskar ubansa na duniya ne yaro ya kan fara gane ma'anar kiran Allah Uba.

Yanzu fa, 'yan'uwa, ku duba 'ya'yanku a makon nan ɗaya ɗaya, ku gwada su da alamun nan cikin wasa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta wa wanda bai iya ba ranar haihuwar kowane yaro, a ajiye tare da katin asibiti. Dattawan ikilisiya su tambayi lafiyar ƙanana kamar yadda su ke tambayar ta manya, idan gida ɗaya ya rasa kuɗin mota zuwa Kano, jama'a su haɗa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka ba mu waɗannan ƙanana. Ka buɗe idanunmu mu lura da su, ka ba mu haƙuri da masu-jinkiri, ka tsare su daga ruwa da cuta, ka sa su san ka tun suna ƙanana, domin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.