Sallar Ɗalibin Da Bai Je Gida Ba

Kowace shekara idan Sallah ta ƙarato, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sukan yi ta tururuwa zuwa tashar mota, kowa ya ƙagara ya isa gida. Kafin jajibere, ɗakunan kwana irin su Amina da Suleiman da Ribadu sun yi tsit. Amma fa ba duka ake tafiya ba. Akwai wanda garinsu ke da nisa, kamar Ikko ko Maiduguri, hutun da gwamnati kan bayar kuwa galibi kwana biyu ne. Akwai wanda kuɗin mota ya gagare shi, akwai kuma baƙo daga Nijar ko Kamaru. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, Sallah takan zagaya, wata shekara ta faɗo cikin dogon hutu, wata kuwa gab da jarrabawa. To, hakkin waɗannan da aka bari a baya, a wuyan wa yake?

Waɗansu suna ganin Sallah abin iyali ce, jami'a kuwa wurin neman ilmi ne kurum, saboda haka wanda bai je gida ba sai ya yi haƙuri. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin gai da iyaye da sada zumunci suna cikin manyan ayyukan wannan rana, ba a kuwa zargin ɗalibin da ya tafi dominsu. Sai dai in an duba yadda shari'a ta tsara ranar, za a ga ta wuce ƙofar gida. Sallar Idi a fili ake yin ta, cikin jama'a. Zakkar fid-da-kai, watau mudun Nabi 4 na abincin gari a kan kowane mutum, an so a fitar da ita kafin a tafi Idi, malamai kuwa sun bayyana cewa hikimarta ita ce kada mabukaci ya wuni yana roƙo ranar da kowa ke murna. Haka nan naman layya, a ci ne, a kuma ciyar.

Tarihi ma ya ba da misali. Bayan Hijira a shekarar 622, an sami waɗansu baƙi matalauta da suke kwana a wata rumfa ta masallacin Madina suna neman ilmi, su ne ake kira Ahlus Suffa, Abu Huraira yana cikinsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sa Sahabbai su ɗauke su zuwa gidajensu su ci abinci, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Watau an ɗora nauyin mai neman ilmi da ya yi nisa da danginsa a kan mutanen da yake zaune a cikinsu.

Wannan nauyi ya ƙaru a zamanin yanzu. A shekarun 1970 jami'a ce ke dafa wa ɗalibai abinci, mai shi da maras shi suna cin tukunya ɗaya. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka daina haka, kowa ya koma ga aljihunsa. Don haka al'adun da aka saba da su, kamar buɗa baki tare a masallaci cikin azumi, da haɗa kuɗi a yi girkin Sallah, da malamin da kan kira ɗalibansa su ci tuwon Sallah a gidansa, da shiga birni tare don kallon hawan Sarkin Zazzau, sun fi ƙarfin a kira su nishaɗi. Su ne ke tsaya wa ɗalibi a matsayin dangi.

Amma akwai wuri mai wuya. Ɗalibin da ya fi bukata sau da yawa shi ne ya fi ɓoyewa, yakan ce karatu ne ya tsare shi alhali kuwa kuɗin mota ne babu. In aka aika masa da kwano a gaban jama'a da sunan sadaka, an cika masa ciki amma an zubar masa da mutunci. Abin da ya fi shi ne a gayyace shi a matsayin baƙo, a zauna da shi a ci tare, yadda ba za a gane mai bayarwa da mai karɓa ba.

Har ila yau, kada gayyata ta tsaya kan 'yan jiha ɗaya ko 'yan ƙabila ɗaya. Abokin ɗaki maƙwabci ne, hakkin maƙwabtaka kuwa bai keɓanta ga Musulmi ba. Kirista da aka miƙa wa abincin Sallah yakan tuna da shi ranar Kirsimeti, irin wannan sanayya kuwa ita ke kashe wutar husuma tun kafin ta kama.

Saboda haka wanda zai tafi gida ya tambayi abokin ɗakinsa inda zai yi Sallah tun kafin ya ɗaure kaya, in da hali ya tafi da shi. Malamai da ma'aikatan da ke zaune a harabar jami'a, da mutanen Samaru, su ƙara ko da mudu ɗaya a tukunya. Allah ya sa a dace, amin.